Karan ɗori da 'yan'uwansa a rubutun Turanci: tambayoyi da amsoshi

Turanci yana da gajerun layuka uku da ke kwance a tsakiyar rubutu, kuma sun yi kama da juna har mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne: gajere (-), matsakaici (–) da dogo (—). Madannan kwamfuta da na waya gajeren kaɗai suka fito da shi fili, shi ya sa yake shan aikin da ba nasa ba. Ga tambayoyin da ɗalibai, masu buga takardu da ma'aikatan ofis suka fi yi a kansu.

Mene ne sunayensu, kuma me kowanne yake yi?

Gajeren shi ne *hyphen*, wato karan ɗorin da muka sani a rubutun Hausa, wanda muke sa wa a ka-ce-na-ce da tafiye-tafiye. Matsakaicin sunansa *en dash*, dogon kuma *em dash*. Sunayen biyu sun samo asali ne daga maɗaba'u tun lokacin da ake jera haruffan ƙarfe da hannu: dogon yana da faɗi daidai da girman rubutun da ake bugawa, kusan faɗin babban baƙin M, matsakaicin kuma rabinsa ne. A nan zan riƙa ce musu matsakaicin layi da dogon layi.

Karan ɗori yana haɗa kalmomi su yi aiki kamar kalma ɗaya. Matsakaicin layi yana nuna daga nan zuwa can, ko tsakanin wannan da wancan. Dogon layi kuwa katse jimla yake yi. A ra'ayina, kashi mafi yawa na hankalinka karan ɗori ya kamata ka ba wa, domin shi ne wanda rashinsa ke iya juya ma'ana. Sauran biyun sun fi shafar tsabtar rubutu.

Yaushe zan sa karan ɗori tsakanin kalmomi biyu?

Idan kalmomi biyu ko fiye sun haɗu suna siffanta suna ɗaya, kuma sun zo *kafin* sunan, sai a ɗaure su: *a well-known trader*, *a full-time job*, *up-to-date records*, *small-scale farmers*. Idan kuma sun koma bayan sunan, yawanci ɗaurin yana warwarewa: *the trader is well known*, *she works full time*, *the records are up to date*. Kalmomin ba su sauya ba, wurin zamansu ne ya sauya.

Dalilin wannan doka ba kwalliya ba ne. Turanci yana jera siffofi a gaban suna, sai mai karatu ya rasa wace kalma ce ke tafiya da wace. Mu a Hausa muna da "mai" da "na" da "ta" da ke raba mana gardama, su kuma karan ɗori ne ke yi musu wannan aiki. Dubi *an old-book seller* da *an old book seller*. Na farko mai sayar da tsofaffin littattafai ne, na biyu kuwa ana iya fahimtar cewa tsoho ne mai sayar da littattafai. Ga wanda ya fi wannan hatsari, musamman a takardar ɗaukar aiki: *twenty four-hour shifts* na nufin aiki sau ashirin, kowanne na awa huɗu, amma *twenty-four-hour shifts* na nufin mutum zai kwana ya wuni a bakin aiki, awa ashirin da huɗu cur. Wanda zai sa hannu a takarda irin wannan ya fi kowa buƙatar sanin inda karan ya faɗa.

Akwai wani abu da ke kama masu koyon Turanci da yawa: sunan da ke cikin irin wannan haɗi ba ya ɗaukar jam'i. Ana cewa *a three-bedroom flat*, ba *three-bedrooms* ba. *A ten-year plan*, ba *ten-years* ba. *A two-day workshop*, ko da yake kwana biyu ne.

Ba kowane jeri ne ke buƙatar ɗauri ba. Kalmomin da aka saba ganinsu tare har sun zama suna ɗaya, kamar *secondary school teacher* ko *local government chairman*, babu wanda zai rikice a kansu, don haka a bar su haka. Gwajin da nake ba mutane shi ne: karanta jimlar kamar ba kai ka rubuta ba. In akwai wata ma'ana ta biyu da za ta iya shigowa, sa karan. In babu, kuma ƙamus bai sa ba, ƙyale shi.

Na ga ana rubuta *a well-built house* da kara, amma *a newly built house* babu. Me ya sa?

Bayanau da ya ƙare da *-ly* ya riga ya sanar da kansa cewa kalmar da ke biye da shi yake yi wa hidima, saboda haka ba a ƙara masa kara: *a highly respected scholar*, *a poorly paid worker*. Haka ma *very*. Amma ka lura, ba duk kalma mai ƙarewa da *ly* ce bayanau ba. *Family* suna ne, shi ya sa ake rubuta *a family-owned business* da kara.

Lambobi da shekarun haihuwa fa?

Idan za ka rubuta lamba da kalmomi, daga 21 zuwa 99 ana sa kara a duk wadda ke da sassa biyu: *twenty-one*, *forty-five*, *ninety-nine*. Ɗari da dubu ba sa ɗauka. A kan cak ko rasit, ₦245,000 zai zama *two hundred and forty-five thousand naira*, kara ɗaya tak. Kashi-kashi ma suna ɗauka: *one-third*, *two-thirds*. Wannan kalma ta ƙarshe tana da tarihi a Najeriya, domin a kan ma'anar kashi biyu cikin uku na jihohi 19 ne aka kai zaɓen 1979 har Kotun Ƙoli tsakanin Awolowo da Shagari.

Shekaru suna bin dokar gaba da baya da muka gani. *A five-year-old boy*, kara biyu, kuma *year* ba ta da *s*. *The boy is five years old*, babu kara ko ɗaya, *s* kuma ta dawo. Idan aka mai da shi suna, kara na nan: *a class of five-year-olds*. Rubuta *a five-years-old boy* kuskure ne da ya yawaita a takardun makaranta da sanarwar cigiya.

Idan siffofi biyu sun yi tarayya a kalmar ƙarshe, ana barin karan farko a rataye, da tazara a bayansa: *short- and long-term loans*, *two- and three-bedroom flats*. Yana kama da kuskuren bugu, amma daidai ne.

Kalmomi masu ɗafa-goshi kamar *re*, *ex*, *anti*, *co*: a haɗe ko da kara?

Yawancinsu a haɗe suke yau: *rewrite*, *unhappy*, *postgraduate*. Ana sa kara a wurare kaɗan. Na ɗaya, idan abin da ya biyo baya babban baƙi ne ko lamba: *Pan-African*, *mid-August*, *pre-1960*. Na biyu, *ex* mai nufin tsoho, da *self* da *all*: *ex-governor*, *self-employed*, *all-inclusive*. Na uku, idan haɗewar za ta tara wasali iri ɗaya ta wahalar da ido, kamar *re-elect* da *anti-inflation*. A nan Birtaniya ta fi Amurka son kara, shi ya sa za ka ga *co-operate* a wani wuri, *cooperate* a wani, kuma duka sun karɓu.

Na huɗu shi ne wanda ba a wasa da shi, inda kara ke raba kalmomi biyu mabambanta. *Resign* murabus ne, *re-sign* sake sa hannu. Ɗan ƙwallon da ya *re-sign* ya sabunta kwantiraginsa, wanda ya *resign* ya ajiye aiki. *Recover* warkewa ne ko dawo da abin da ya ɓata, *re-cover* sake yi wa abu rufi. *Reform* gyara ne, *re-form* sake kafawa.

Wanne ne daidai: *follow up* ko *follow-up*?

Dukansu, amma aikinsu daban. Idan aikatau ne, a rabe: *I will follow up tomorrow*, *please check in at noon*. Idan suna ne ko sifa, da kara: *a follow-up visit*, *the check-in desk*. Wasu ma sun wuce matakin kara sun manne gaba ɗaya a matsayin suna, kamar *breakdown* da *workout*, amma aikataunsu har yanzu a rabe yake: *the car may break down*.

Muƙamai da sunayen mutane fa?

A nan bi yadda mai abin yake rubutawa. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 yana rubuta *Attorney-General* da *Vice-President* da *Commander-in-Chief* da kara, Amurkawa kuma suna rubuta *attorney general* da *vice president* ba kara. Majalisar Ɗinkin Duniya tana rubuta *Secretary-General*, jami'o'inmu kuma *Vice-Chancellor*. Jam'insu yana hawa kan kalmar da ke ɗauke da nauyin ma'ana: *attorneys-general*, *directors-general*, *mothers-in-law*, *passers-by*.

Sunan mutum ɗaya mai sassa biyu karan ɗori yake ɗauka: Ngozi Okonjo-Iweala, Funmilayo Ransome-Kuti. Haka sunan ƙasa kamar *Guinea-Bissau*. Kada ka cire, kada ka ƙara wa wanda bai sa wa kansa ba. Shiyyoyi kuma, Birtaniya na rubuta *north-west*, Amurka *northwest*, kuma takardunmu sun fi bin na farko.

Shin *e-mail* ne ko *email*?

*Email* ya yi nasara. Kamfanin dillancin labarai na AP ya cire karan a ƙa'idojinsa a 2011, littafin ƙa'idojin rubutu na Jami'ar Chicago ya bi sahu a bugunsa na 2017. Wannan tafiya ce da kalmomin Turanci suka saba yi: su fara a rabe, su sami kara, su manne. A tsofaffin littattafai za ka ga *to-day* da *to-morrow*. A 2007 ƙamus ɗin *Shorter Oxford* ya cire kara daga kalmomi kusan 16,000 a bugu ɗaya: *bumble-bee* ta manne ta zama *bumblebee*, *ice-cream* ta rabu ta zama *ice cream*. A 2019 kuma AP ta daina sa kara a *African American* da makamantansa.

Saboda haka wanda ya koyi Turanci a shekarun 1970 da jikarsa da ke jami'a yanzu za su iya saɓani a kan kalma ɗaya, kuma kowannensu yana da littafin da zai nuna. Mafita ita ce ka zaɓi ƙamus ɗaya na zamani ka riƙe shi har ƙarshen aikin.

Ina ake amfani da matsakaicin layi?

Babban aikinsa shi ne tsayawa a madadin *to* tsakanin lambobi biyu, ba tare da tazara ba: *pages 45–62*, *Monday–Friday*, *₦5,000–₦10,000*, *the 1967–1970 civil war*, Malam Aminu Kano (1920–1983). Sakamakon wasa ma shi ne: *Nigeria beat Argentina 3–2* a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 1996. Masu rubuta kundin digiri da tsarin rubutun bincike na APA, wanda sassa da yawa na jami'o'inmu ke bi, su lura cewa lambobin shafi a jerin manazarta da wannan layi ake raba su.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma za ka gan shi a katin ɗaurin aure da allon asibiti da sanarwar ofis, shi ne gauraya kalma da layi. Idan ka fara da *from*, dole ka ƙare da *to*. Idan ka fara da *between*, dole *and* ta biyo. *From 8 a.m. to 4 p.m.* daidai ne, *8 a.m.–4 p.m.* daidai ne, amma *from 8 a.m.–4 p.m.* ba daidai ba ne, *between 2015–2019* ma haka.

A harkar kuɗi kuma, ka cika lambobin biyu. *₦5–10 million* kowa zai gane nufinka a hira, amma a takardar kwangila gara ka rubuta *₦5 million to ₦10 million*, don kada wani ya ce naira biyar ya gani.

To *Abuja-Kaduna road* da kowa ke rubutawa da gajeren kara kuskure ne?

A wurin masu buga littattafai, matsakaicin layi ne wurinsa: *the Abuja–Kaduna railway*, *the Lagos–Ibadan Expressway*, *the Kano–Maradi line*, *Nigeria–Niger relations*. Abubuwa biyu ne masu cin gashin kansu, layin yana nufin "daga wannan zuwa wancan" ko "tsakaninsu", ba wai sun narke sun zama ɗaya ba. Da haka ake bambanta mutum ɗaya mai suna biyu da mutane biyu. Yarjejeniyar *Sykes–Picot* ta 1916 mutane biyu ne suka ƙulla ta, Baturen Ingila Mark Sykes da Bafaranshe François Georges-Picot, don haka matsakaicin layi ne a tsakaninsu, alhali shi Georges-Picot ɗin karan ɗori ne a cikin sunansa.

Amma ba zan kira gajeren kara a nan babban laifi ba. Tsarin AP, wanda jaridu da yawa ke bi, ba ya amfani da matsakaicin layi sam, karan ɗori yake sa wa a duk waɗannan wurare. In kana rubuta labarin jarida ko saƙon waya, babu mai tuhumarka. In kuwa littafi ne ko muƙala ga mujallar ilimi, edita zai gyara maka, kuma gara ka hutar da shi.

Akwai wani ƙaramin aiki da Amurkawa ke ba shi: idan ɗafa-goshi ya hau kan suna mai kalmomi da yawa, kamar *post–World War II*, don a nuna ya shafi dukkan kalmomin. Turawan Ingila ba su damu da wannan ba.

Dogon layi kuma, yaushe ya dace?

Wurare huɗu ne. Na farko, a cusa ƙarin bayani a tsakiyar jimla, kuma a nan biyu ake sawa, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe: *Three towns—Daura, Katsina and Zaria—sent delegates.* Dubi amfaninsa: bayanin da kansa yana ɗauke da waƙafi, da an kewaye shi da wasu waƙafan da jimlar ta cakuɗe. Gwajinsa mai sauƙi ne. Cire abin da ke tsakanin layukan biyu, in sauran jimlar ta tsaya da ƙafarta, to ka yi daidai. Mantawa da layi na biyu, ko buɗewa da layi a rufe da waƙafi, shi ne kuskuren da aka fi yi.

Na biyu, a ƙarshen jimla don a jefo abin da ba a zata ba ko a ƙarfafa shi: *He promised to pay on Friday—and he did.* Na uku, a cikin hira a labari, idan aka katse wa mutum magana: *"But I told you—"*. Wannan ya bambanta da ɗigo uku, wanda ke nuna muryar mutum ce ta mutu da kanta, ba wani ne ya tare shi ba. Na huɗu, a gaban sunan mai magana a ƙarƙashin zancen da aka ɗauko.

Ba a jingina masa waƙafi ko ruwa biyu a gefe, shi kaɗai ya isa. Kuma kada jimla ɗaya ta ɗauki fiye da biyu, domin da zarar sun kai uku mai karatu ba zai san wanne ya buɗe wanne ya rufe ba.

Me ya sa ba zan yi amfani da waƙafi ko baka biyu kawai ba?

Kana iya yi, kuma sau da yawa ma ya fi. Bambancin na ƙarfin murya ne. Baka biyu rage murya suke yi, kamar a ce "wannan ba dole ba ne". Waƙafi yana barin murya yadda take. Dogon layi ɗaga ta yake yi. Kwatanta *My uncle, who never travels, came to the wedding* da *My uncle—who never travels—came to the wedding*. Ta biyu tana cewa: ka ji abin mamaki. Ruwa biyu kuwa suna sanar da cewa ga bayani ko jeri yana zuwa, kuma a wasiƙar neman aiki ko rahoton ofis sun fi dogon layi natsuwa.

Gaskiyar magana, mutum zai iya rubuta Turanci mai kyau shekara da shekaru bai taɓa dogon layi ba. Matsalarsa ita ce sauƙinsa: yana shiga ko'ina, don haka malalacin marubuci ke fakewa da shi maimakon ya tsaya ya yanke shawarar ko aya ce ta dace ko ruwa biyu. Yaji ne, kaɗan ke gyara miya.

A sa tazara a gefensa ko kada a sa?

Ya danganta da gidan da kake rubuta wa. Masu buga littattafai a Amurka, masu bin Chicago da APA, dogon layi suke sawa manne da kalmomi: *word—word*. AP tana sa dogon layi da tazara gaba da baya: *word — word*. Yawancin jaridu da maɗaba'un Birtaniya, ciki har da *Guardian* da Penguin da maɗaba'ar Jami'ar Cambridge, ba dogon suke amfani da shi ba ma, matsakaicin suke sawa da tazara: *word – word*. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford kuma, ko da yake a Ingila take, dogo mara tazara take bi.

Tunda Turancin makarantunmu na Birtaniya ya gada, matsakaici mai tazara zaɓi ne mai kyau ga wanda ba a gindaya masa wani tsari ba, kuma ya fi daɗin karantawa a fuskar waya. Abin da ba ya karɓuwa a ko'ina shi ne tazara a gefe ɗaya kawai, ko a ga salo biyu a takarda ɗaya.

A wasiƙun ofis ina ganin *as follows:-* da *Note:-*. Daidai ne?

Tsohon yayi ne na rubutun Ingila wanda ya shigo ofisoshinmu ya zauna, har bayan masu shi sun bar shi. Littattafan ƙa'idojin rubutu na yanzu ba sa goyon bayansa. Ruwa biyu kaɗai sun wadatar. In shugabanka a ofis ya dage a kai, ba abin faɗa ba ne, amma kada ka kai shi cikin jarrabawa ko takardar neman gurbin karatu a waje.

Yaya zan buga su tunda babu su a madannai?

A waya, Android ko iPhone, danna karan ɗori ka riƙe, za su fito ka zaɓa. A Windows, riƙe Alt ka buga 0150 a madannan lambobi na gefen dama don matsakaici, 0151 don dogo. A Mac, Option da karan ɗori na ba da matsakaici, in ka ƙara Shift ka sami dogo. Microsoft Word yana yi da kansa: buga kalma, kara biyu, wata kalma ba tazara, da ka danna tazara sai su rikiɗe su zama dogon layi, in kuma ka sa tazara, kara, tazara tsakanin kalmomi biyu, matsakaici zai ba ka. Idan laftof ɗinka ba ta da madannan lambobi na gefe, shiga Insert ka nemi Symbol, ko ka kwafo ɗaya ka ajiye a kusa.

Kara biyu a jere da ake gani a wasu takardu gadon tafireta ne, wadda ba ta da dogon layi. A takardar da aka buga da kwamfuta yau, alama ce ta aikin da ba a gama ba.

A jarrabawar da ake rubutawa da hannu fa?

Babu mai auna layinka da rula. Ka dai tabbata karan ɗori gajere ne yana manne da kalmominsa, na katse jimla kuma ya fi shi tsawo a bayyane. A insha'in Turanci na WAEC da NECO ana rage maki a kan kurakuran alamomin rubutu, don haka in ba ka da tabbas da dogon layi, waƙafi da aya ba za su ci amanarka ba. Masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS su san cewa kalma mai karan ɗori ɗaya ake ƙirga ta, wanda ke da amfani inda aka ce kada amsa ta wuce kalma biyu ko uku.

Idan kalma ta ƙi shiga ƙarshen layi, a raba ta a kan gaɓa, karan kuma ya zauna a ƙarshen layin sama, ba a farkon na ƙasa ba: *impor-* sannan *tant*. Ba a raba kalma mai gaɓa ɗaya kamar *strength*, ba a barin harafi ɗaya shi kaɗai, ba a raba sunan mutum. Gaɓoɓin Turanci ba su fito sarai kamar na Hausa ba, har Amurka da Birtaniya sukan saɓa, ɗaya na bin furuci ya raba *knowl-edge*, ɗaya na bin asalin kalma ya raba *know-ledge*. Mafi sauƙi shi ne ka ɗauke kalmar gaba ɗaya ka kai ta layi na gaba.

An ce duk rubutun da ke da dogon layi ƙirƙirarriyar basira ce ta yi shi. Gaskiya ne?

Ba hujja ba ce. Gaskiya ne cewa tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 mutane sun lura irin waɗannan manhajoji suna yawan sa shi, amma daga rubutun mutane suka koya, kuma marubutan Turanci sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi kafin a ƙera kwamfuta. Malamin da ya soke aikin ɗalibi don ya ga dogon layi kawai bai yi adalci ba. Shi kuma ɗalibi ya sani cewa zargin yana yawo, kuma dogon layi shida a sakin layi ɗaya rauni ne a rubutu ko da mutum ne ya yi shi da hannunsa.

Alamar ɗebewa a lissafi, da adireshin intanet, wanne ake sawa?

Alamar ɗebewa (−) daban take da duka ukun. Ta yi kusa da matsakaicin layi a tsawo, amma an daidaita ta da alamar tarawa, kuma ita ta dace a *−5°C* a rubutun kimiyya. Idan zango ya ƙunshi lamba mai wannan alama, yi amfani da kalma: *−5°C to 10°C*, don layuka biyu kusa da juna rikitarwa suke yi.

A adireshin intanet, adireshin imel, kalmar sirri, lambar waya da lissafin Excel kuwa, gajeren karan da ke kan madannai kaɗai ake sawa. Haka sunaye irin su *COVID-19*, *Wi-Fi* da *Coca-Cola*. A nan gyaran da Word ke yi da kansa yana iya cutarwa: in ya mai da karan matsakaicin layi, ka kwafa ka liƙa, shafin ba zai buɗe ba, kuma ido da ƙyar zai gano dalili. Idan kuma kana so kada Word ya yanke lambar waya ko suna irin *COVID-19* gida biyu a ƙarshen layi, danna Ctrl da Shift da karan ɗori tare, zai ba ka karan da ba ya rabuwa.